Na Gwale Ɗana a Gaban Surukina Saboda Injinan Gyaɗa

Assalamu alaikum, Malam Hashimu. Don Allah ka agaza mini da shawara, kuma ka sakaya sunana, don a yankinmu na Minjibir ko tari na yi an san nawa ne.

Ni manomi ne da Allah ya buɗa wa, har na kafa 'yar masana'antar matse man gyaɗa a bakin gonarmu ta gado. Muna da injin ɓara, da na suya, da na matsa, ga janareta mai shan dizal ba ji ba gani. Damuwarmu ita ce man ba ya zama iri ɗaya. Yau ya fito garau, gobe ya yi duhu yana ƙauri. In ka tambaya, mai suya ya ce laifin mai matsa ne, mai matsa ya ce gyaɗar da aka sayo a Dawanau ce ba ta bushe ba. Kowa yana da gaskiya, sai ni da ake dawo wa da jarkoki.

Ɗana na fari, wanda ba sai na faɗa maka dalilin da ya hana ni rubuta sunansa ba, injiniya ya karanta. Wani kamfani a Kaduna ya ba shi aiki, ya bari, ya dawo ƙauye ya riƙe mini injinan nan. Shi ya kawo shawarar a liƙa wa kowane inji wasu 'yan na'urori da za su riƙa auna zafinsa da gudunsa da lokacin da ya tsaya, suna turowa cikin waya. Shi kuma surukina Munir, mijin 'yata Tahira, wanda ke kula mana da harkar kasuwa daga Rijiyar Zaki, ya kawo masu wata manhajar kwamfuta. An ce tana nazarin bayanai, ta gaya maka gyaɗar wane gari ta fi mai, da injin da ke shirin lalacewa. Ƙarfinmu bana bai wuce mu ɗauki ɗaya ba.

Muka zauna a ofis da baƙin ɓangarorin biyu, wato masu na'urorin da masu manhajar, da manyan ma'aikatana. Malam, rabin abin da aka faɗa ban gane ba. Turanci suke zubawa, ni kuma ina ta kaɗa kai kamar ƙadangare, don kada a ce Alhaji bai sani ba. Da yaron ya miƙe ya yi nasa bayanin, wallahi har cikin raina na ji daɗi. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya juyo ya yabe shi a gabana, ya ce Allah ya ba ni ɗa. Nan take kunya ta rufe ni. Haka muka taso, ba a nuna ɗan fari, balle ga suruki zaune. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Da shiru na yi, da shi ke nan. Amma bakina ya zarce. Na ce ai yaro ne, karatun takarda kawai ya sani, ya zauna manya su yi magana, kuma na Munir za mu ɗauka. Yaron ya tattara 'yan na'urorin da ya kawo na gwaji ya fita, ma'aikata suna kallon ƙasa.

Tun ranar yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi aikinsa, amma magana ba ta wuce gaisuwa. Mahaifiyarsa ita ma alkunyar take yi, sai dai na ga ta daina zama muna hira bayan magariba. Ƙanwata Maimunat, wadda ta raine shi, ita ce ta zo ta wanke ni tas, ta kuma shaida mini ya kira mutanen Kaduna, sun ce ya zo farkon wata.

Ban sa hannu a komai ba tukuna. Amma Munir ya riga ya gaya wa mutanensa an gama magana. In na janye na zubar masa da mutunci, kuma ban san yadda zan kalli Tahira ba. In na ci gaba, yaron zai tafi, kuma na san ba aiki ne ya ja shi ba, ni na kore shi. Abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu ban san wanne ya fi dacewa da mu ba. Ina da furfura, na yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba. Me zan saya, kuma ta ina zan fara gyara?

Daga Mai Man Gyaɗa, wajen Minjibir.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa sana'a albarka. Mu fara da injin, don shi ya fi sauƙi.

Manhajar da Munir ya kawo ba ta duba, kuma ba ta shaƙar ƙauri. Abin da aka zuba mata shi take tacewa. Ka tambayi kanka: akwai wanda zai iya gaya maka zafin da injin suya ya kai jiya da azahar? In babu, to da me za a ciyar da ita? Sai dai mai suya da mai matsa su riƙa shigar da abin da suka tuna, kuma ka riga ka san yadda suke tunawa. Don haka a halin da kuke ciki, haɗa injinan da na'urorin awon shi ne farko. Amma Munir bai yi kuskure ba, gaba ya hango. In na'urorin suka shekara suna turo awo, za ku tara abin da idon mutum ba zai iya bi ba, lokacin ne manhajarsa za ta yi rana.

Kafin ka sa hannu, a gwada a injin suya kaɗai. Ka tambayi masu kayan ko suna aiki in sabis ya yi rauni ko wuta ta ɗauke, da wanda zai zo gyara, da ko bayanan za su shiga kowace manhaja nan gaba. Kuma ka ce a yi maka bayani da Hausa. Kai ne mai saye, wanda ya kasa fahimtar da kai shi ya kamata ya ji kunya.

Munir kuwa, kira shi ku biyu, ka gaya masa ba fasawa aka yi ba, jerawa aka yi, kuma zango na biyu a hannunsa yake. Ɗan kasuwa ne, ya san ciniki bai faɗa ba sai an sa hannu. Zai ji babu daɗi na ɗan lokaci, amma ina kyautata zaton shi ma abin da ya faru a ofis ɗin bai masa daɗi ba.

Saura babbar. Alkunya tarbiyya ce mai kyau, ban raina ta ba. Sai dai ita kawaici ce, ba ta ce ka muzanta ɗanka ba. A zaure ɗan fari ne, amma a masana'anta injiniyanka ne. Kada ka aika Maimunat, ba ita ta yi maganar ba. A gaban ma'aikata ka gwale shi, to a gabansu za ka gyara. Gobe da safe ka same shi a bakin inji, ka ce ka yi tunani, shawararsa za a bi, ya nuna maka inda za a fara. In kun keɓe, ka ce masa ka yi kuskure, kuma kana so ya zauna. Ba sai ka kira sunansa ba, zai gane da shi kake.

Mai yiwuwa duk da haka ya zaɓi Kaduna, kuma yana da haƙƙi. In ya zama haka, ka sa masa albarka da bakinka, kada ya hau mota yana zaton abin da ka faɗa a ofis shi ne abin da ke ranka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a ji alheri.