Kwakwar Cibiyarki Ta Haihu a Kan Tudu

Zuwa ga Unaisi, sanyin ruwan kwakwa a maƙogwaron wanda ya wuni a gonar gwaza, tauraruwar da nake saita kwalekwalena da ita, furen da ƙamshinsa ke riga shi isowa! Gaisuwa daga tsibirinmu Kadavu, mai yawa kamar yashin bakin tekunmu.

Saƙonki ya iso. Kin ce malamanki na Venis, birnin nan mai titunan ruwa, suna so ki ƙara shekara biyu, ki ƙarasa koyon yadda ake kare gari daga cin teku. Kin ce in jiran ya yi mini nauyi, kin yafe mini alkawarin aurenmu. Haba, sanyin idona! Wa ya ce miki kaya ne na ɗauka, balle in nemi wurin saukewa?

Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina da ido. Na duba hotunanki: gidajen dutse da suka girmi kakannin kakanninmu, gadoji kamar bakan gizo, ke cikin rigar sanyi kamar an naɗe jaririya. Kowa fuskarki yake kallo. Ni kuwa na ga inda idonki yake, yana kan koren layin da ruwa ya bari a bango. Haka kike kallon ginshiƙan cocinmu ranar da za ki tafi, kika nuna mini iyakar da gishiri ya ci, hannunki cikin nawa. Mai irin wannan kallon ba ta manta gida ba.

Taubashina Apisai kullum yana tsokanata, wai matuƙan kwalekwalen can waƙa suke yi wa 'yan mata, ni kuwa muryata sai dai korar jemagu. Na ce masa ruwan da ba ya tashi ai wasan yara ne, su zo su gwada mashigar tekunmu in iska ta juya.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Kwakwar da aka shuka a kan cibiyarki ranar da ta faɗi, teku ta tone mata saiwa, ta karkata wajen ruwa. Mahaifiyarki takan tsaya a gindinta ta ce alama ce, 'yarta ta zama ta ƙetare. Na jera duwatsu, ruwa ya kwashe. Na sake jerawa, ya sake kwashewa. Ya rabin raina, kin san zafin kallon abin da ke ɗauke da sunanki yana sunkuyawa?

Sai na yi abin da ba a ba ni izini ba. Na hau bishiyar, na tsinko busasshiyar kwakwa guda, na kai ta kan tudun danginmu, inda nake share filin ɗakinmu, na shuka. Mahaifinki ya gan ni. Da yamma a zaman shan yangona, jiƙon saiwar da dattawanmu ke sha, na shiga a sunkuye, ina jiran faɗa. Sai ya miƙo mini ƙoƙo da hannunsa, ya ce, “Ka kewaye ta da shinge, aladu ba su san surukuta ba.” Dattawa suka yi ta dariya, ni kuwa ƙasa kawai nake kallo.

Unaisi, ta tsiro! Ganye biyu, kore shar, a tsaye kamar kunnuwan ɗan akuya. Mahaifiyarki ta hau tudun da kanta, ta taɓa su, ta sauko ba ta ƙara maganar alama ba.

Don haka ki zauna. Ki koyo duk abin da tsohon garin nan ya sani game da ruwa, ki kawo mana, muna bukata. Kwakwa ba ta haihuwa sai ta shekara shida, kuma na shuka ta da sanin haka. Ke biyu kacal kika roƙa. Za ki dawo ki tarar ba ta ma kai kafaɗarki ba, sauran jiran mu yi shi tare.

Naki, muddin teku na zuwa tana komawa,
Waisake