Yankan Mai Inabi

Zuwa ga 'yata Nevena,

Gaisuwa mai yawa, ke da yara. Kin ga takarda maimakon fuskata a waya ko? Ubanki ne ya yi aikin nasa. Ranar Talata na ce bari in dasa tuffa a bakin katanga. Sara uku na yi da diga, na ji ƙas. Na ce saiwa ce. Ashe wayar kamfaninki ce ta ƙarƙashin ƙasa. Gida tamanin ba talabijin ba intanet, ma'aikatanki sun ce sai Juma'a.

Tsohuwa Penka ta biyo ni da sanda, wai na yanke mata fim ana tsakiyar biki. Na ce, "Kwantar da hankalinki, auren ba zai daɗe ba." Ta ce, "Tsohon banza, 'yarka tana haɗawa kana rabawa."

Maganar ta tsaya mini a rai. A aji huɗu na tsaya, amma na iya ƙirga biyu, kuma wannan ne karo na biyu.

Kin tuna shekarar da kika bar aikin gidan waya, kika kafa farantin satalayit a rufinmu, kika ja waya ta sama zuwa gida tara? Aka tarar da ita a yanke, na ce maƙwabcinmu Dobri ne, don hassada. Ba shi ba ne. Ni ne, da almakashin da nake datse inabi da shi. Tsoro na ji kada ki bar albashi ki bi iska. Iskar nan ce ta gyara mini ido a asibiti, ita ce ta sa mahaifiyarki ta riƙa ganin jikokinta a allo har ta rasu. Na gode, 'yata.

Kin ce in zo Sofiya, babban birni, in yanke ƙyallen buɗe sabon gidan talabijin ɗinki. Karanta wannan tukuna, ki ga ko har yanzu kina so.

Ubanki mai diga,
Zahari

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami wasiƙarka. Tun ranar na sani. A karkace aka yanke wayar, sumul, yadda kake yi wa reshen inabi. Mama ma ta gane. Saboda kai na fara binne waya a ƙasa, kuma da guguwa ta kwashe na abokan gasata, wayoyina ne suka tsira. Yanzu sai in ƙara zurfi.

Ka zo da almakashin. Amma kujera biyu na ajiye a gaba, ɗaya ta Kawu Dobri ce. Shekara talatin ƙauye na kiransa mai yankan waya, ni ma na yi shiru. Ga katin gayyatarsa nan, kai za ka kai masa, ka gaya masa abin da ka gaya mini.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Nevena

Nevena,

Ina gaisuwa. Sau biyu na je ƙofarsa. Na farko karensa ya koro ni, na ji daɗi. Na biyu ya leƙo ya ce, "Zahari, in maganar waya ce, ranar Talata ina wajen likita, ina da shaidu." Na yi dariya, na juyo gida da katin a aljihu.

Gobe zan koma, da katin da kwalbar gasasshen barkono. Ki riƙe masa kujerar.

Ki gaida yara.
Ubanki