Makullin Mota Yana Jakata

Duane,

Kada ka wahalar da kanka neman makullin mota, yana cikin jakata. Na tafi aiki, sai ƙarfe huɗu.

Orville maƙwabcinmu ya jawo motar daga ramin gefen titi da tarakta. Fitila ɗaya ta fashe, akwatin wasiƙunsa kuwa ya tashi aiki. Ya ce da ka ƙara gaba kaɗan, da ƙarfen gada ka runguma. Allah dai ya tsare.

Kwana uku kana girbin alkama ba ka runtsa ba, wai tsere kake da ruwan sama. Kuma kai ne mai cewa muddin kana cin gyaɗa barci ba ya ɗaukarka. To, da gyaɗar a bakinka ya same ka, kana sharar barci a kan sitiyari!

Yau ba gona. Na kira ƙanenka, shi zai ƙarasa. Abinci yana firij, ka ci ka koma ka kwanta.

Na daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin in fita. Shekara talatin ina mitar minsharinka, amma yau ban so ka daina ba.

Marlys