Ni Na Tura Shi Jado, Yau Ina Son Aure

Inna Gimbiya, don Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye sunana. Daga wani ƙauye nake kusa da Gangara. Shekara bakwai ke nan da maigidana ya tafi haƙar zinariya a Jado. Wata biyar yana kira, daga nan shiru. Yayansa ya bi sawu har Agadas, an sanar da jami'an tsaro na jandarma, ba gawa ba labari.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi bai so tafiyar ba. Ni na dame shi da gori, wai sa'o'insa sun yi ginin siminti shi yana nan yana fama da gonar gero. Ranar da ya ɗaure kaya ko kallona bai yi ba.

Yanzu wani tela a garin Cadawa da matarsa ta rasu ya aiko wajen kawuna yana nemana. Wallahi Inna zuciyata ta amsa, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya. Surukata har yau duk kaka sai ta ware damin ɗanta a rumbu. Ita ke riƙe min yara in na tafi kasuwa. Da wane baki zan ce mata ina so alƙali ya rubuta ɗanta ya mutu? Shekarata talatin da ɗaya.

Mai Jin Kunya, Gangara

Ɗiyata, gorin nan kuskure ne, ki nemi gafarar Allah. Amma ba bakinki ya ɓatar da shi ba, kuma son aure bayan shekara bakwai ba laifi ba ne.

Sai dai har yau ke matar aure ce. Telan ya dakata, kada kawunki ya karɓi ko ƙwayar goro. Ku je gaban alƙali. In hukuncin mutuwa kika nema, za a sake bincike, a ɗibar miki wa'adi mai tsawo, sannan ki yi takaba. Akwai kuma hanya ta biyu: ki nemi a raba auren saboda cutuwar da kike yi, ba tare da an ce ya mutu ba. Ki tambayi alƙali wannan, don tsohuwar ba za ta ga kin binne mata ɗa da rai ba.

Surukarki kuwa ta ji daga bakinki kafin ta ji a bakin rijiya. Ki tafi da yayan mijinki, ki durƙusa ki faɗa mata. Za ta yi kuka, ƙila ta daina amsa gaisuwarki. Uwa ce, ki jure, kuma kada ki raba ta da jikokinta.

Allah ya bayyana shi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Inna Gimbiya