Ranar da Yaya Ya Yanka Darakta

Litinin, 5 ga Mayu

Sun tafi da Yaya. Matarsa ce ta kira ni, ina tsakiyar shirya labaran rana a gidan rediyo. Wai mutum uku, babu kaki, motar babu lamba. A kan keken ɗinki suka same shi, ko zaren bai tsinke ba. Sun ɗauki wayarsa da almakashinsa. Almakashi fa! To tela me zai riƙe, cokali?

Ƙarfe ɗaya na shiga na karanta labarai. Ko a ɗora mini wuƙa ba zan iya faɗin abin da na karanta ba.

Talata, 6 ga Mayu

Wuni guda a kan benci, a ofishin jami'an tsaron nan mai baƙin gilashi. Sai da yamma wani mai tabarau ya fito da takarda, ya karanta mini abin da Yaya ya ce wa abokin sana'arsa a waya: "Jiya na yanka Sakatare, gobe da safe zan yanka Darakta. Aiko min da almakashinka, nawa ya dakushe."

Allah ya yafe mini, dariya ce ta fara kufce mini. Na ce ranka ya daɗe, ai yadi ne! Haka teloli suke magana, kowane yadi sunan mai shi yake ci. Tun ina ƙarama nake jin Yaya na cewa ya yanka Baba, ya goge Inna, ya rataye likita a ƙusa. Mai tabarau ko murmushi. "Malama, na'ura ce ta tsinto shi. Sai an gama bincike."

A hanya abin ya faɗo mini. Wa ya ba su izinin sauraron wayar tela? In na'urar ta ji Yaya, ai kowa take ji.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kai wa Edita labarin. Ya yi dariya har da hawaye, yana tauna murfin biro kamar kullum. "Ya rataye likita!" Da ya gama ya ce in ajiye zuwa gobe, yau babu wuri. Mawaƙiyar nan da ake kira Zinariya ta goge hotunan mijinta daga shafinta, guda goma sha huɗu. Har da wanda aka sa ya ƙirga.

Ni na karanta shi, da muryar nan tawa ta fara'a.

Alhamis, 8 ga Mayu

Goben ta zo. Zinariya ta dawo da hoto ɗaya. Minti goma sha biyu muka ba shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kasa zama wuri ɗaya. Na share ɗaki sau biyu, na fita, na dawo, na sake fita.

A motar haya bakina ya ƙi shiru, na ba da labarin. Na ce jama'a, ana fa sauraron wayoyinmu. Direba ya ce, "Su saurara mana. Ban da faɗana da uwar 'ya'yana me za su ji?" Mota ta ɗauki dariya. Wata a bayana ta gane muryata, ta taɓa ni a kafaɗa, na juya da zumuɗi. Ashe so take ta ji ko gaskiya ne Zinariya ta cire zoben. Wai ta ƙara girman hoton ta duba yatsar da kyau. Mu ma dai aikin mai tabarau muke yi, kyauta ma.

Inna ta daina cin abinci. A shagon Yaya take wuni, tana kore ƙuda daga yadin mutane. Direban Darakta ya zo ya karɓi yadin maigidansa, wanda ba a kai ga yankawa ba. Na roƙe shi, maigidan ya faɗi kalma ɗaya kawai, cewa telansa ne. Ya ce shi yadi aka aiko shi karɓa.

Litinin, 12 ga Mayu

Na haɗa rahoton da kaina, ban jira izinin kowa ba. Abokin sana'ar Yaya ya yi bayani, ana jin ƙarar almakashi a bayansa, Inna ta ce wani abu da ya sa mai haɗa sauti cire abin kunnensa. Minti uku da daƙiƙa goma. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Edita ya saurari rabi. "In an sami wuri. Amma ki yanke tsohuwar, ta yi tsawo."

Na tsaya ina kallonsa. Ashe mu ma haka muke magana a ɗakin nan. Sau nawa na ce a yanke minista, a datse shugaban 'yan kasuwa? A waya ma na sha faɗa.

Laraba, 14 ga Mayu

Sun sako shi. Alhamdu lillahi. Kwana tara. Wandonsa na zamewa daga ƙugu, Inna na kuka tana shafa kansa kamar jariri. Ya sa hannu a wata takarda da bai karanta ba. Ba su dawo masa da almakashin ba.

Da aka watse ya ja ni bayan shago. Ya ce sun kunna masa kiraye-kirayen wayarsa na shekara biyu, ɗaya bayan ɗaya, yana zaune. Sannan ya ce, "Har ranar da kika kira ni daga asibiti." Ranar da cikina ya zube. Ko Inna ban faɗa wa ba, shi kaɗai. Ya ce jami'ai biyu ne a ɗakin, ɗaya yana ɓare lemo yana jin kukana.

"Ƙanwata, don Allah ki bar maganar nan." Na ce wallahi ba zan bari ba. Da ƙarfi na faɗa. Ya kalli jakata inda wayar take.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na biya ta shago. Yaya na waya: "Yadin da mai girma Sakatare ya kawo, zan rage masa tsawo, in sha Allahu." Dalla-dalla, kamar mai karanta labarai. Na so in tsokane shi, sai na fasa.

Wayata ta yi ƙara sau uku yau, na bar ta. Ba kowa ba ne, maigidana ne.

Litinin, 19 ga Mayu

Zinariya da mijinta sun shirya, hotuna sun koma, labarai sun yi ƙaranci. Edita ya leƙo. "Kawo telanki, yau akwai wuri. Duka minti ukun, har da tsohuwar."

Na ce sautin bai fita da kyau ba. Mai haɗa sauti ya ɗago ya kalle ni. Muka cike wurin da jerin waƙoƙin da Zinariya ta yi wa mijin. Na ce wa mai haɗa sauti ya ɗan rage jawabin minista. Rage na ce.

Ba tsoro ba ne. Abin ya wuce, an sako shi, kuma wa zai saurara? Wayar ma da na bari a kicin cikin tukunya, don kada ta dame ni ina rubutu ne.

Kafin in tashi daga aiki na buɗe rahoton, na saurari Inna sau ɗaya. Su kwana tara suka riƙe Yaya suka sake shi. Ni ce na yanke shi, minti uku da daƙiƙa goma, da hannuna.

Kalmar nan ma gara in goge ta daga shafin nan.