Gwaji Ya Ce Mijina Lafiya Lau Yake

Zuwa ga Babban Likitan asibitin unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni matar Malam Haladu ce, direban da ya shekara goma sha ɗaya yana jigilar ma'aikata daga Mararaba zuwa cikin Abuja. Bara wata tsohuwa ta faɗo masa titi a Uke, ya kaɗe ta, ta rasu. Hukuma ta wanke shi, danginta sun yafe. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Tun lokacin yake kukan ƙirji da mutuwar jiki, abinci sai na yi da gaske yake cin loma biyu.

Ga kokena.

Na ɗaya, sau huɗu ina kawo shi. An ɗebi jini, an auna zuciya, an ɗauki hoton ƙirji, aka ce babu komai. A duk zuwan nan babu wanda ya tambaye shi me ya same shi kafin ciwon ya fara. Da na buɗe baki zan faɗa, aka ce in jira a waje.

Na biyu, a zuwanmu na ƙarshe wani likita, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce masa, "Oga, ka fi ni lafiya, koma bakin aiki." Mijina ya fassara maganar da cewa cutarsa ta fi ƙarfin na'urarku. Yanzu ya rabar da tufafinsa, ya kira ƙaninsa ya ba shi amanar yaranmu. Mutumin da bai cika arba'in da biyar ba ya zauna jiran mutuwa.

Ban yi karatun likita ba, ranka ya daɗe, amma ni nake zaune da shi. Damuwa ce take cinsa, shi kuma a jikinsa yake jin ta.

Ina roƙon ku samar da wanda zai zauna ya saurari irin waɗannan marasa lafiya, ku kuma bar iyali su faɗi abin da suka gani a gida. Ranar Litinin zan sake kawo shi, idan ya yarda ya tashi.

Allah ya ƙara muku basira, ya tsare iyalanku daga irin wannan.

Wassalam.

Matar Haladu, Mararaba.