Takarda Mai Jan Hatimi

Daren Laraba, Birnin Kudu

Barci ya ƙi zuwa. Yau Rabi, 'yata lauya, ta dawo daga Gwaram da akwatin takardun gidan marigayi babanta. Tana neman takardar filin tsohuwar maƙerar kakanta, don wani maƙwabci ya fara zuba tubali a wurin. Muka zazzage akwatin a tabarma. Ni ma na taya ta karantawa, ina bi da yatsa kamar yadda aka koya mana a ajin manya. Ba mu same ta ba.

Ta ce, "Inna, an ce mai jan hatimi ce, da dangwalen dattawa a ƙasa. Ba ki taɓa ganinta ba?"

Na ce a'a. Amma na gane ta. Ina amarya, takarda duk takarda ce a wurina, daga akwatin nan nake ɗiba ina ƙunshe daddawa. Har daɗi na ji da kaurinta.

Yanzu Rabi ta kwanta tana zargin baffanta ne ya ɓoye, gobe za ta je ta tuhume shi. Bawan Allah bai san komai ba. Dole in riga ta tashi, in faɗa mata da bakina kafin ta hau mota.